Tukunyar Inna Ta Gaoui

Abena, N'Djamena

Zuwa ga ƙanwata Hafsa, a Damagaram.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina roƙon Allah ya sa wannan takarda ta same ki lafiya, ke da maigidanki Malam Salmanu da yara. Mu nan duk muna lafiya. Lukumanu ya gama rufin ɗakinsa a unguwar Lamadji, Fa'iza kuma ta yaye yaronta. Baba ya miƙe, har ya koma zaman shayinsa a ƙofar gida yana gyara wa duniya zama. Kewarki kuwa ba a magana, ko jiya sai da Inna ta kira ni da sunanki.

Na saurari saƙon muryarki har ya kusa zama mini karatu. Kin ce maƙogwaron 'yarki Ummukulsum ya sake tashi da zazzaɓi, yanzu kuma tana kukan gwiwa, gobe ta ce gwiwar hannu. Kin roƙa a ɗebo miki magani daga tukunyar Inna a ba Ɗayyabu mai fatauci, tunda zai biyo ta wajenku da kayansa. Hafsa, ni ce na hana, kuma ki yi haƙuri ki ji dalili kafin ki ɗaure mini fuska.

Kin san tukunyar nan ta Gaoui, ƙauyen magina tukwane, da ke bayan randa. Tun muna yara, duk wanda ya ji sauƙi a gidanmu sai ya mayar da sauran maganinsa ciki saboda na baya. Inna ta ce haka kakanninmu suka yi a hanyar Makka, ba a cinye guzuri ana barin ɗan'uwa hannu sake. A wurinta wanda ya shanye maganinsa duka marowaci ne. Ban taɓa jin kunyar wannan hali ba, sai dai a kan magani ya kusa cin ƙafar Baba. Maruru ne ya fito masa a ƙwauri, Inna ta ba shi ragowar maganin maƙogwaron ɗan Fa'iza, wai ai launinsa ɗaya da wanda aka taɓa ba shi. Ƙafa ta kumbura ta yi sheƙi, zazzaɓi ya rufe shi, sai a mota muka kai shi asibitin da nake aiki. Mun ɓoye miki tsananin abin ne don kina da tsohon ciki a lokacin.

Aka ɗebi mugunyar aka kawo mana labo, ɗakinmu na gwaji, ni da kaina na shafa ta a gilashi, na rina, na leƙa ta madubin da ke ƙara girman abu. Na saba da wannan kallo, amma ranar sai da na leƙa sau biyu. Likita ya tsaga wurin, ya canja magani bisa abin da muka gani, Allah ya sa aka dace. Da Baba ya samu bakin magana, sai ya tsare ni wai in gaya masa me na gani. Na ce masa ƙwayoyin cuta ne ƙanana, kewayayyu kamar gero. Ya ce to kewayayye ai kewayayye ne, me zai hana magani ɗaya ya kashe su duka.

Ga abin da na faɗa masa, ke ma ki riƙe. Kewayayyun nan ba gida ɗaya suke ba, ta yadda suke zama muke fara gane su. Akwai masu cunkushewa wuri ɗaya kamar nonon dabino, su ake kira sitafilokok, su ne masu maruru da ruɓar da miki, kuma da yawansu sun daina jin maganin da aka saba. Su suka kama Baba. Akwai masu zama biyu-biyu, wasu su kawo ciwon haƙarƙari da na kunne, wasu su kawo sanƙarau, kuma rini ne yake raba mana su, waɗannan su yi shuɗi, waɗancan su yi ja-ja. Sai masu jeruwa a layi, sitireftokok. Da na zo kansu na ɗaga carbin Baba na nuna masa. Ya karɓe abinsa da sauri, ya ce kada in haɗa masa carbi da ƙazanta, har majinyacin gadon kusa ya yi dariya.

Masu jeruwar nan su ne suka hana ni sukuni a kan Ummukulsum. Ba kowane ciwon maƙogwaro ba ne nasu, kuma ni ba likita ba ce, ban ga yarinyar ba. Amma idan nasu ne aka bar shi, ko aka sha magani rabi aka ajiye, yakan dawo ta gaɓoɓi, yau wannan gobe waccan, daga nan ya taɓa zuciya ya bar mata lahanin da ba ya gogewa. Abin da kika kwatanta ya tsorata ni, ba zan ɓoye miki ba. Ki kai ta asibiti ranar da kika karanta wannan, kada ki jira Malam ya dawo daga kasuwa. Ki gaya wa likita maganar gwiwar da bakinki, ki roƙa a saurari ƙirjinta. Abin da aka rubuta mata ta shanye shi tas, ko da ta warke tana tsalle. Na san ki da tausayin na baya, 'yar Inna ce ke ta gaske, amma wannan karon ki zama marowaciya.

Inna ta yi fushi da ni da na hana, ta ce boko ya sa na fara rowar magani ga jikarta. Na zauna na yi mata bayanin zuciyar nan. Ta daɗe tana kallon ƙafar Baba. Da safe na tarar ta juye tukunyar a faifai, ta ce in kai magungunan asibiti a san yadda za a yi da su. Ta wanke tukunyar, ta shanya a rana.

Ki gaishe mini da Malam Salmanu, da surukarki Hajiya Hauwa, da Imrana, ki shafa mini kan jaririya. Baba da Lukumanu da Fa'iza duk suna gaishe ku.

Tukunyar tana nan tafe a hannun Ɗayyabu, an naɗe ta a tsohon zanen Inna. Babu magani a ciki ko ƙwaya ɗaya, dabinon Faya ne ta cika ta da shi har baki. Ta ce na Ummukulsum ne, amma kada a buɗe sai ranar da ta haɗiye ƙwayar ƙarshe ta maganinta.

Taki yayarki mai jiran labari,
Lauratu Abdulmutallib