Masu Hira a Zauren Malam Mahmudu

Jibiya, Maris 1975

Zuwa ga ɗiyata Barira,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da maigidanki. Ni dai ƙafar nan ce, sai godiya.

Kaɗaici ya ragu. Inusa da Maɗugu, direbobi 'yan Maraɗi, kullum bayan la'asar suna zaurena da shayi da tsire. Su suka kawo mini zancen da ya cika gari: wai an gano man fetur a ƙarƙashin garin Magama da ke bakin iyaka, gwamnatoci biyu sun haɗa baki a ɓoye za su matsar da iyaka. Na ce musu na yi akawu tun zamanin Bature, na san ofis. Sirrin da mutum ɗari suka sani ba ya kwana. Maɗugu ya ce, "Baba, boko ya cuce ka!" Muka yi ta dariya. In na yunƙura zan shiga ciki, sai su jawo wani labarin, har kaina ya ɗaure.

Kawunki,
Mahmudu

Zariya, Afrilu 1975

Kawu,

Ina gaishe ka, Allah ya ƙara sauƙi. Hajo maƙwabciyarka ta zo asibiti, ta sauka wurina. Kawu, ba hira ke kawo mutanen nan ba. Suna tsare ka a zaure, 'yan dako na mirgino gangunan fetur ta dangar baya zuwa ɗakin marigayiya matarka, kafin a tsallaka da shi Maraɗi. Duk unguwa ta sani. In kwastan sun zo, kai za su kama. In wuta ta tashi, ba ka iya gudu. Don Allah ka kore su.

Ɗiyarka,
Barira

Jibiya, Mayu 1975

Barira,

Gaisuwa da fatan alheri. Na buɗe ɗakin. Tun daga ƙofa warin ya tare ni.

Ashe har ladan ya sani, ba wanda ya tsegunta mini. To, ko maganar Magama ma gaskiya ce? Ko ƙago ta suka yi don in zauna? Wallahi na rasa gane kan abin.

Jiya na yi niyyar korarsu. Suka yi sallama, Inusa ya durƙusa yana shafa mini man zafi a gwiwa. Tun rasuwar matata Indo ba wanda ya taɓa ƙafar nan. Na shimfiɗa musu tabarma. Abin da na iya faɗi kawai, kada Maɗugu ya ƙara kunna taba a gidana.

Ya kashe, bai tambayi dalili ba.

Allah ya yi miki albarka.
Mahmudu