Ƙarfen Da Na Sa Aka Lanƙwasa

Litinin, 5 ga Mayu, 2025

Motar nan ta gama ba ni kunya. Yau da Yoila ya shigo da ita Kasuwar Kifi ya taka birki, ƙiiii, sai da matan layin banda suka toshe kunne. Khadijat mai rumfar kusa da tawa har da cewa, "Ya Mu'mina, amaryarki ta iso, ga guɗa." Na yi dariya, amma raina ya ɓaci.

Shekara shida Yoila yana ja mini a-kori-kurar nan, tun rasuwar maigidana. Sati biyu ke nan yana damuna, "Hajja, fad ya ƙare." Fad dai shi ne takalmin birkin gaba. Ni kuwa ba na aiken direba sayen kayan gyara, da ƙafata nake zuwa, kowa ya san halina.

Na je shagon Ba Gana. Ya ce ina tsohon? Na ce ban zo da shi ba. Ya ce to motar ta wace shekara ce? Na ce Ba Gana, a-kori-kura ba a-kori-kura ba ce? Ba ni kawai, ina sauri. Ya girgiza kai ya miƙo kwali ya rubuta mini rasit.

Talata, 6 ga Mayu

Bai shiga ba. Abdulwahab bakanike ya juya shi ta nan, ya juya ta can, ya ce ya yi girma, na wata shekarar ne. Na kira Ba Gana, wai ya tafi ta'aziyya Konduga, sai Juma'a. Ga lodi ranar Alhamis, babbar motar kudu ba za ta jira ni ba.

Yoila ba ya wajen, na aike shi ya ci abinci. Na tambayi Abdulwahab me ke wannan kukan. Ya nuna mini wani ɗan siririn ƙarfe a gefen tsohon fad ɗin, bai kai farcena ba. Na ce lanƙwasa shi. Ya ce, "Hajja, shi ne fa ke gaya miki." Na ce ai ya gaya mini na ji, kwana uku ne kawai. Ya sa filaya ya lanƙwasa, ya mayar da tayoyi.

Da Yoila ya dawo na ce an gyara. Ya zaga da ita ya taka, shiru. Har godiya ya yi mini. Sabon kwalin na kawo shi gida na tura ƙarƙashin gado.

Alhamis, 8 ga Mayu

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un.

Juma'a, 9 ga Mayu

Jiya ban iya rubuta komai ba. Wajen shataletalen Kwastam ne, da azahar, mota cike da kwalayen banda. Yoila ya taka birki ya ƙi ci. Ya daki keke napep ta gefe. Mai keken sunansa Suleiman, ƙafarsa ta dama ta karye wuri biyu, yana asibiti. Allah Ya taimaka babu fasinja. Yoila ya fashe a goshi kawai, yana hannun 'yan sanda.

Jami'in duba motoci ya sa aka cire taya a gabana. Fad ɗin babu komai a jikinsa sai ƙarfe zalla. Sufeton 'yan sanda ya juyo ya ce wa ke kula da gyaran motar? Bakina ya riga ni. Na ce na sayi sabo ranar Litinin, ga rasit. Ya ce to ina sabon? Na ce direba za a tambaya.

Direba za a tambaya. Ni na faɗa, da bakin nan nawa. Ya rubuta, na sa hannu.

Asabar, 10 ga Mayu

Maganar ta zaga kasuwa. Wai Yoila ya sayar da sabon fad ya bar tsohon a mota. Khadijat ta zo har rumfa tana taya ni baƙin ciki, wai amana ta ƙare a duniya. Na ce mata Allah Ya kyauta. Abin da na iya cewa ke nan.

Abdulwahab ya rufe gareji, wayarsa a kashe. Ya san hannunsa ne ya riƙe filayar. Shi ba zai yi magana ba, in ni ma na yi shiru shi ke nan.

Lahadi, 11 ga Mayu

Phebe matar Yoila ta zo daga Bulumkutu, da kayan cocinta, goye da ƙaramar. Ta durƙusa tun daga bakin ƙofa. Na ce tashi, ta ƙi, da ƙyar na shigo da ita ɗaki.

"Hajja, ke kin san shi. Ko kifi ɗaya ya taɓa ɗaukar miki?"

Bai taɓa ba. Lokacin ambaliya shi ya fito da 'ya'yana a kafaɗa, ruwa har ƙirjinsa.

Ta ce ya gaya mata ni na ce an gyara, shi bai ga ko kwalin ba. Ta ce wataƙila bakanike ne ya cuce mu duka. Na ce wataƙila. A kan gadon nan take zaune sa'ad da take wannan magana, dugaduganta na kusan taɓa kwalin. Ina ta kallon ƙafarta har ta tafi.

Na ba ta banda leda guda. Ta yi ta godiya. Da ma ta zage ni.

Litinin, 12 ga Mayu

Na koma wajen Ba Gana. Ban san me nake nema ba. Ina jin so nake wani ya ce mini ba ƙarfen nan ba ne, ƙaddara ce kawai, ko man birki ne ya tsiyaye.

Ya tarbe ni da gaisuwa, "Wushe, Hajja. Na ji abin da ya faru."

Na ce ya yi mini bayanin birki, kamar ina tambaya don gaba. Ya ɗauko sabon fad da tsoho ya ajiye a kan benci. Ya ce in ka taka birki, mai ne ke turo waɗannan biyun su matse faifan da ke juyawa da taya, ɗaya ta ciki ɗaya ta waje. Abin da ke riƙe motar shi ne baƙin naman da aka manna a jikin ƙarfen, kuma kullum cinyewa yake. Sabo ya kusa kaurin ɗan yatsa. In ya koma kamar kaurin tsinken ashana, an zo ƙarshe. Ya ce na ciki yakan riga na waje cinyewa, shi ya sa leƙe ta jikin taya ba ya isa, sai an cire an duba. Kuma ba a canza gefe ɗaya, dama da hagu tare ake yi.

Na ce to ɗan ƙarfen gefe fa? Ya ce ba ado ba ne. Da gangan aka sa shi, in nama ya yi siriri ya taɓa faifai ya yi kuka, don mai mota ya ji tun da sauran lokaci. Na ce in mutum ya lanƙwasa shi fa? Ya ce ai kamar ka toshe bakin mara lafiya ne ka ce ya warke. Ya ce da lodi da zafin nan na Mayu, ɗan naman da ya rage yakan ɓare gaba ɗaya, direba ya taka ya ji ƙafarsa ta tafi ƙasa.

Sai ya kalle ni. "Hajja, wanda na ba ki ya shiga kuwa? Tun ranar nake tunani, na fi zaton na wata shekarar na ba ki."

Na ce ya shiga. Ya ce to. Ya mayar da kayansa kanta.

Talata, 13 ga Mayu

Ban fita kasuwa ba. Na ce wa yara kaina ke ciwo.

Laraba, 14 ga Mayu

Na je asibiti duba Suleiman. An rataye ƙafar da ƙarafa. Likita ya ce zai taka, amma keke sai bayan watanni. Mahaifiyarsa na gefen gado tana yi masa fifita. Ta riƙe hannuna ta ce ni ba ni da laifi, Allah Ya isa tsakaninta da direban da ya sayar da ran ɗanta. Ta faɗa sau biyu. Ban ce amin ba, ban kuma hana ta ba.

A hanyar dawowa na tsaya bakin gada da kwalin a jaka. Niyyata in jefa shi in huta. Mutane na ta wucewa. Na tsaya har wani mai keke ya ce Hajja lafiya? Na dawo da abina gida. Tsoro ne ya hana ni, kada in yi wa kaina ƙarya.

Alhamis, 15 ga Mayu

Sufeto ya kira. Litinin za a kai Yoila kotu, tuƙin ganganci da cin amana. Ya ce in zo a matsayin shaida, in maimaita abin da na faɗa. In dafa Alƙur'ani ke nan.

In na faɗi gaskiya me zai faru? Ni za a riƙe. Sunana a kasuwa ya gama. Shekara goma sha tara ina gina shi, matan Baga Road suna ba ni ajiyar kayansu ba shaida. 'Ya'yana uku wa zai riƙe su? In na yi shiru kuma Phebe nata huɗu ne.

Ya Allah, kwana uku kawai na ce. Kwana uku.

Na yi sallar la'asar sau biyu don ban san raka'a nawa na yi ba.

Juma'a, 16 ga Mayu

Phebe ta sake zuwa. Ban fito ba, na sa aka ce ba na nan. Ta tagar ɗaki nake kallonta. Ta daɗe tsaye a rana, sannan ta gyara goyo ta juya. Takalmina na bakin ƙofa, na san ta gani.

Asabar, 17 ga Mayu

Abinci kawai na je kai wa Yoila a ofishin 'yan sanda. Wallahi da niyyar da na fita ke nan, kwalin tun Laraba yake cikin jakar, mantawa na yi ban cire ba. Sufeto ya ce in buɗe jaka a duba, yadda suke yi wa kowa. Ya ce wannan fa? Da na so sai in ce wani sabo ne na saya. Ban ce ba. Gajiya ce, ina jin. Na faɗa masa komai.

Ya ɗauko sabuwar takarda. Ya daɗe yana rubutu. Ya sa aka nemo Ba Gana, ya zo ya duba lambar kwalin da ta rasit ya ce shi ne, kuma ba zai taɓa shiga motata ba. Ba Gana ne ya tsaya mini aka bar ni na dawo gida. Ban roƙe shi ba.

Da la'asar aka saki Yoila. Ya rame, goshin ya kumbura. Phebe ta wuce ni kamar ba ta taɓa ganina ba, ban ga laifinta ba. Shi ma ya wuce, ya kai bakin ƙofa, sai ya dawo. Na shirya wa zagi.

Ya ce, "Hajja, da kin gaya mini, ai da na kai miki lodin a giya ɗaya, a hankali. Da mun isa."



Litinin ni zan tsaya a gaban kotu. Gobe sai na je asibiti na gaya wa mahaifiyar Suleiman ta janye Allah Ya isar nan daga kan bawan Allah, ta mayar inda ya dace. Ban san yadda zan fara ba. Na dai goge mayafin da zan sa.