Murfin Kwalbar Turare

Alƙahira, 9 ga Maris 2025

Ƙanena Salih,

Shekara goma sha ɗaya ke nan da ka rubuto mini cewa gara ta cinye gitata, wadda ake kwantarwa a cinya, kuma ban taɓa yarda ba.

Assalamu alaikum. Ina Sakinatu da yara? Ruwa ya isa gonar hawasha bana? Ni lafiya lau, aikin katako na tafiya, sai ɗan abin da ba a rasa ba.

Jiya aka turo mini bidiyon wani biki a garin Hajj Abdalla. Ba a nuna fuskar makaɗin ba, hannunsa kawai. Ka san yadda ake yi. A kashe muryar gitar, a taɓa tsirkiya, sannan ƙaramin yatsa ya murɗa maɓallin ƙara murya a hankali. Ba a jin bugun, sai sauti ya taso kamar goge. Malaminmu na kiɗa a Khartum ya ce makaɗan Amurka suka fara haka. Kai ma haka kake magana, kana ɓoye farkon zance.

Maɓallin da yatsan nan ke murɗawa murfin kwalbar turare ne, kore. Ni na liƙa shi a gitata da hannuna. Gara ba ta kai kaya biki.

Faɗa mini wa ka ba, kuma tun yaushe. Kwantar da hankalinka, ba zan ce a dawo da ita ba. Allah ya shirye mu. Injin zarto ya cire mini ƙaramin yatsan dama tun watan Rajab.

Yayanka,
Maliki