Dubiyar da Ta Zama Laifi

Zuwa ga Yayana,

Bayan gaisuwa da fatan alheri, yaya iyali, yaya kuma ƙafar Inna? Ni dai alhamdu lillahi, kada ku damu.

Sai dai wani al'amari ya ɗaure mini kai. Ka san an ɗora ni a kan ma'aikatan ɗakin wanki na otal ɗin da nake aiki. Akwai wani dattijo mai guga da ciwon kai yake kayarwa lokaci-lokaci, likita ya ba shi izinin hutawa duk ranar da ciwon ya tashi. Na karanta ɗan littafin ƙa'idojin aiki daga farko har ƙarshe. Ya hana shugaba tambayar ma'aikaci irin ciwonsa, ban kuwa tambaya ba. Lemo kawai na saya na je gidansa dubiya, kamar yadda aka tarbiyyantar da mu.

Yana buɗe ƙofa ya ce, "Ka zo ka ga ko ƙarya nake yi?"

Na ce, "Haba Baba, sannu na zo yi maka."

Ya rufe ƙofarsa. Yanzu manaja ta kira ni zama, wai dattijon ya kai ƙara cewa leƙen asiri na je yi, kuma muƙamin nawa yana rawa. Kada Inna ta ji.

Ni ma da ƙirjina ya kwantar da ni watan jiya, ba wani abin tashin hankali ba ne, babu wanda ya leƙo ni. Na ɗauka ƙina suke yi. Yanzu kuwa ban sani ba, Yaya, ko a ƙasar nan ƙin zuwa dubiya girmamawa ce?

A sa ni a addu'a.

Ƙaninka mai biyayya.