Gwangwanin Siminti a Hannun Baba

Zuwa ga ƙanena, Autan gidanmu,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka gaisuwar kewa, da fatan takardar nan ta same ku lafiya kai da amaryarka. Allah Ya tsare min kai duk ranar da ka shiga filin dambe. Mu nan alhamdu lillahi. Inna tana nan da ciwon gwiwarta da mitarta, ni kuma ina kan keken ɗinkina kamar yadda ka bar ni. Hoton da ka aiko ya iso. Inna ta daɗe tana kallonsa, sannan ta ce a tambaye ka ina ka kai wuyanka, don ita kafaɗu kawai take gani.

Maganar Baba ce ta sa na ɗauki biro. Wata huɗu ke nan da ɓarin jikinsa na dama ya shanye, kuma na san kana kiran Inna kana tambayar jikinsa. Amma shi kansa shekara uku ke nan bai ji muryarka ba, abin yana ci min rai. Ban manta ranar da ya kama ka a bayan ɗaki kana ɗaga gwangwanayen madarar nan da ka cika da siminti ka soka musu ƙarfe ba. Shi da ya yi shekara talatin yana koyar da dambe, kullum faɗarsa ɗaga ƙarfe yana sandarar da ɗan dambe, yana mai da hannunsa itace. Ya wurga su bayan katanga, kai kuma ka ce masa zamaninsa ya wuce, ka tattara ka tafi wurin wani mai koyarwa. Abin da ba ku sani ba, ni na zagaya na tsince su. Ƙaramin ciki shi nake tokare ƙofar shagona da shi tun lokacin.

To, ma'aikaciyar gashin ƙashi da ke zuwa duba shi ta ce lokaci ya yi da zai fara ɗaga abu mai ɗan nauyi da hannun da ya shanye. Na duba gidan kaf ban ga abin da ya dace ba, sai na ɗauko gwangwaninka na goge ƙurar na ajiye masa a cinya. Auta, da ka ga kallon da ya yi min. Ya gane shi sarai. Bakinsa bai gama sakewa ba, amma ya iya ce wa baiwar Allah nan shi bai taɓa ɗaga ƙarfe ba kuma ya kayar da maza, ƙarfin naushi ba a damtse yake ba.

Ita kuwa ba ta yi musu ba, ashe ta yi aiki da 'yan wasa. Ta ce gaskiyarsa, naushi daga ƙasa yake tasowa. Ƙafa ce ke tura ƙasa, ƙugu ya juya, kafaɗa ta biyo, dunƙulen hannu kawai isar da saƙo yake yi. Abin da ke sa naushi ya yi zafi shi ne yawan nauyin jikin da mutum ya tura bayansa, da kuma saurin da ya isa da shi. Ni a nan na gane, don allura ce ke huda yadi amma ƙafata ce ke yin aikin. Baba har ya fara washe baki, sai ta ƙara da cewa ƙafar da za ta tura da ƙugun da zai juya ai su ma sai da ƙarfi, kuma ɗaga nauyi yana ba su shi, in dai an ɗaga da sauri da lissafi, ba don a kumbura damtse a ɗauki hoto ba. Wannan na ƙarshen naka ne, na ajiye maka. Ta ce wanda ya hana gaba ɗaya ya yi kuskure, wanda ya mai da shi komai shi ma ya yi. Baba ya juya fuska bango ya ce yana jin barci.

Kwana biyu bai taɓa gwangwanin ba. A na uku na shigo da ruwan wanka na tarar yana ta fama da shi, gumi har gemu, yana ƙirgawa a hankali. Na koma da baya na tsaya a bakin ƙofa na yi kukana na share. Yanzu yana kai goma sha biyu. Shekaranjiya ya sa na tsayar da shi jikin gado, ya ce in buɗe tafin hannuna. Ya kawo naushi. Ko ƙuda ba zai kashe ba, amma na duba ƙasa na ga diddigensa na dama ya juya, ƙafar nan da muke ja masa wata huɗu. Shi ma ya gani. Inna ta ce mun mai da mata ɗaki filin dambe, tana faɗa tana goge ido da gefen mayafi.

Da ya zauna ya huta, sai ya ɗauki gwangwanin yana jujjuya shi. Ya ce wanda ya haɗa wannan abu ya iya aiki, ƙarfen yana tsakiya daidai, bai karkace ba. Can kuma ya ce in tambayi mai shi kilo nawa ne, kuma yaushe ya kamata a koma na gaba da shi. Bai kama sunanka ba. Ka san Baba, iyakar inda zai iya zuwa ke nan, kuma da jan ƙafa ya zo.

Inna tana gaishe ku, haka Gwaggo da maigidana. Ka gaida amarya da kyau, ka gaida mai koyar da kai.

Nauyin gwangwanin kuwa na sani, na kai shi sikelin mai shagon kusa da mu an auna. Ban faɗa wa Baba ba, kuma ba zan faɗa ba. Wayarsa tana gefen hagu na gadon, inda hannunsa mai lafiya yake kaiwa, kullum da safe sai ya sa na duba masa ko da caji.

Taka har kullum,
Yayarka mai ɗinki