Motar Amarya Ba Ta Ribas

Nagoya, 9 ga Maris

Yaya Tokiko,

Sanyi ya fara sauƙi a nan, da fatan ƙanƙarar Toyama ba ta binne miki gareji ba. Wasiƙa na rubuto don kin san kunnena da waya.

An sa ranar auren 'yata Mizuho, sha takwas ga Mayu. A motar Baba zan kai ta da hannuna har ƙauyen mijin, a duwatsun Gifu. Saboda gangaren can na cire tsohon birkin gaba, mai gangar nan, na sa mai faifai, babba, na wata mota da ta fi tamu girma. Da ƙafafunsa ya zo, na ɗaura su duka. Wili ya ƙi shiga, sai na sa masa zobe ya ɗan fito waje. Yaya, in kika taka sai haƙoranki sun haɗu. Ni kaɗai na yi, cikin Asabar huɗu.

Gobe babbar mota za ta kawo miki ita. Ki duba, ki kai ta gwajin hukuma, ki goge ta. Kada ki taɓa mini birki.

Ki kula da gwiwar nan taki.

Ƙanenki,
Shigeharu

Imizu, 16 ga Maris

Shige,

Ina gaishe ka da mutanen gida. Ƙanƙara ta narke, gwiwa da sauƙi. Na yi murna da zancen Mizuho, Allah ya sanya alheri.

Mota ta iso lafiya. Da na buɗe ƙofa na ji warin tabar Baba yana nan a kujera, sai da na ɗan zauna. Aikinka da tsafta, ban sami noti ko ɗaya a kwance ba, birkin kuma yana ci.

Sai dai ka yi haƙuri da abin da zan faɗa. Hannun da sandar sitiyari ke ja a jikin sabuwar ƙafar ya fi na asali tsawo da yatsa biyu. In hannun ya yi tsawo, ko ka murɗe sitiyari har ƙarshe tayar ba za ta juya kamar da ba. Zoben da ka sa kuma ya tura tayar waje, tana gogar jikin mota a kwana. In ka taka birki alhali taya ɗaya tana kan jiƙaƙƙen wuri, sitiyarin yana fizgar hannu. Sau uku na gwada, don kada in zalunci aikinka. A da, motar nan a fili mai mita tara take juyawa. Yanzu sai sha ɗaya da rabi.

Ka taɓa hawa hanyar gidan angon da ita? Ka fi ni sanin a al'ada motar amarya ba ta ribas.

Ka huta lafiya.

Yayarka,
Tokiko

Nagoya, 21 ga Maris

Yaya,

Gaisuwa. Na karanta wa matata Fumie takardarki muna cin abinci, ta ce dama ta faɗa mini, wanda ya yi ritaya daga kamfanin tukwane ya tsaya a tukwane. To ku haɗu ku biyu ku yi ta dariya.

Hanyar na bi ta sau biyu a ƙaramar motar Fumie, ban ga komai ba. Mita biyu da rabi har wani abu ne? Ni birki nake so, 'yata ce a ciki.

Kuma abin ya ba ni mamaki. Ke da kika auri Arshad kika shiga addininsu, kika daina sa wa Baba turare a gaban hotonsa, yau ke ce mai tuna mini al'ada? Ai na zaci duk camfi ne a wurinki.

Ki kai ta gwaji kawai.

Shigeharu

Imizu, 2 ga Afrilu

Shige,

Ina gaishe ka, ka gaida Fumie, ka ce mata ban yi dariya ba.

Gaskiyarka, ban yarda ribas ɗin mota yana mayar da mace gidan ubanta ba. Aure a hannun Allah yake. Amma Mizuho ba da ni za ta zauna ba.

Ranar Talata na rufe gareji na tafi ƙauyen da igiyar awo. Kwanar ƙarshe, wadda ke ƙarƙashin gidan, ta naɗe kamar ƙugiya: katangar dutse a hagu, gonar shayi a ƙasa ta dama. Ina durƙushe ina awo wata tsohuwa ta leƙo ta saman katanga ta tambaye ni ko daga ofishin ruwa nake. Na ce a'a, gwaggon amarya ce. Ashe kakar angon ce. Ta shigar da ni, ta ba ni shayi da wainar shinkafa, ta ce a bakin katangar nan duk dangi za su jeru ranar, don daga nan ake fara hango amarya. Ban tambaye ta ba ta kawo labarin wata da aka kawo gidan maƙwabta shekara arba'in da suka wuce, direban ya ja baya sau ɗaya a kwanar. Matar tana nan, auren yana nan, har da jikoki. Amma tsohuwar ba ta kira sunanta ba ko sau ɗaya. “Mai ja da baya” take ce mata, tana murmushi.

Da na dawo na zana kwanar da farar ƙasa a filin gareji, na jera tsofaffin tayoyi a madadin katanga. Na shiga da motar Baba a hankali, sitiyari a ƙarshe. Sai da na yi ribas sau biyu. Na sake buɗewa tun daga nesa, har tayar dama ta taka inda gonar shayi take, duk da haka sai da na yi ɗaya.

Ba ina cewa a mayar da mai ganga ba, kana da gaskiya a kan gangaren. Akwai faifai ƙarami da ke zama a kan ƙafafun motar na asali, ba zobe, ba canjin hannu. Shekara ashirin da shida ni da marigayi Arshad muna sa irinsa. Motar ba ta da nauyi, ya ishe ta har ya yi saura. Zan auna tayoyin in daidaita su, in sauka da ita gangaren dutsen Tateyama da buhunan yashi nauyin mutum huɗu, in rubuto maka abin da na gani, ko mai daɗi ko marar daɗi.

Ban kwance ko noti ɗaya ba, motar amana ce a wurina. Amma a yadda take ba zan kai ta gwaji da sunan garejina ba. In ka fi so a dawo maka da ita, gobe sai a ɗora ta.

Yayarka,
Tokiko

Nagoya, 8 ga Afrilu

Yaya Tokiko,

Gaisuwa mai yawa. Furanni sun buɗe a bakin kogi.

Na nuna wa Mizuho takardarki. Ta ce, “Baba, in dai haka ne a kira tasi.” Ba ta ɗaga murya ba. Da ma ta ɗaga.

Ki cire. Ki ajiye mini manyan a kwali, Asabar huɗu ce a ciki.

Wani abu kuma. Fumie ta ce nakan ruɗe a tuƙi in na ga mutane sun jeru, ni ma na sani. Ke za ki tuƙa. Ni zan zauna a baya kusa da 'yata. Ki sa ɗankwalinki, wanda ya tambaya yayata ce.

Ƙanenki,
Shige

Imizu, 20 ga Afrilu

Shige,

Ina gaishe ku duka. Na sa ƙaramin faifan. Motar ta sauka gangaren da yashi, birki bai yi zafi ba, sitiyari bai motsa a hannuna ba. Ta ci gwaji jiya. A kwanar farar ƙasa na shiga sau goma, sau goma ta wuce a juyi ɗaya, da saura taƙi guda tsakaninta da katanga.

Ka ce wa Mizuho ta bar zancen tasi. Ranar sha bakwai zan iso, in Allah ya yarda.

Yayarka,
Tokiko