Rasuwar Farfesa Odile Gauvreau a Gindin Dutsen da Take Bincike a Kansa

Cikin alhini da nauyin zuciya, Ƙungiyar Masana Duwatsu ta Arewacin Kebek ta samu labarin rasuwar tsohuwar shugabarta kuma malamar da yawancinmu muka koya a hannunta, Farfesa Odile Gauvreau, wadda aka tsinci gawarta ranar Talata a gindin wani dutse da take ɗibar samfuri a kansa.

Marigayiya ta ƙarar da rayuwarta kan tsofaffin duwatsun aman wuta na wannan yanki. Takan niƙe dutse ya zama gari, ta auna sinadaran da zafi da ruwa ba sa sauya su, daga nan ta gane ko a tsagar ƙarƙashin teku ya fito, ko a inda wani ɓangaren ɓawon ƙasa ya nutse ƙarƙashin wani. Ba ta yanke hukunci kan dutsen da ba ita ta fasa shi da gudumarta ba.

A bara wani kamfanin haƙar ma'adinai ya sanar cewa duwatsun wurin da aka tsinci gawarta danginsu ɗaya da wasu duwatsu masu tagulla da ke kudu, ya nemi izinin tada mazauna bakin wani tafki da ke wurin. Marigayiya ta auna, ta ce asalinsu dabam ne, wato babu hujjar tada mutanen. A wata mai zuwa ne ta shirya gabatar da sakamakon gaban hukumar da ke ba da izinin.

An ce zamewa ta yi. Ƙungiya ba ta zargin kowa, amma tana lura cewa ranar babu ruwa babu ƙanƙara, kuma ba a ga jakunkunan samfurinta a motarta ba. Mijinta, Mista Rémi Gauvreau, ya shaida mana cewa: “Odile ko tsanin cikin gida ba ta hawa sai ta girgiza shi.”

Muna roƙon Allah Ya ba Mista Rémi da 'yarsu Maëlle haƙuri da juriyar wannan babban rashi. Muna kuma kira ga jami'an bincike da kada su yi gaggawar rufe maganar. Mista Rémi ya ce mu sanar da jama'a cewa furannin ta'aziyyar kamfanin sun iso ƙofar gidansa tun kafin 'yan sanda su kira shi su sanar da shi rasuwar.

Sa hannu:
Dakta Lucien Barbeau
Sakataren Yaɗa Labarai, a madadin Shugaba da ɗaukacin membobin Ƙungiya